Baiwar Malam Iro Mai Kaura

Ina zaune a rumfar wani mai faci a Funtuwa, ina jiran a gyara mini tayar babur, sai wayata ta yi ƙara. Lawali ne, babban ɗan Malam Iro. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Malam Sani, Baba lokaci ya yi. Da hantsin nan. Ana idar da azahar za a kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na kuma maimaita, har mai facin ya ajiye abin da ke hannunsa ya taya ni. A nan na bar babur ɗin. Na hau motar Malumfashi, daga can na samu ɗan acaba ya kai ni ƙauyensu da ke bayan Ƙarfi.

Dama da hagun hanya dawa ce ta nuna, kawunanta sun sunkuya, saura kaɗan a shiga girbi. Allah ya yafe mini, kafin in tuna da iyalinsa ko da shekarun da muka yi tare, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Malam bai zaɓi irin bana ba.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce wannan wane irin tunani ne a hanyar jana'iza. To, bari in faɗa masa wane ne Malam Iro. Manomi ne, gonarsa ba ta fi ta maƙwabtansa girma ba, karatunsa na allo ne, bai taɓa riƙe sarauta ba. Amma akwai wata kaura, jar dawa mai garɗi, da ya gada a wajen mahaifinsa, ya yi ta tace ta shekara da shekaru har ta zama tana yi a gonar da wuta-wuta ta cinye. Duk manomi ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da ke kama saiwar dawa ta tsotse ta tun tana ƙarama. Inda wata dawar ke tsumburewa, ta Malam sai ta daure ta fitar da kai. Kowace kaka, kafin a sare kara, yakan shiga gonarsa shi da ƙunshin kaba, ya bi tsakanin kunya yana duba dawa tana tsaye, ya ɗaura wa wadda ya zaɓa alama. Waɗannan ake yanka daban, a rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai kore ƙwari. Idan damina ta matso, mutane su yi ta sallama a zaurensa, daga nan kusa har daga wajen Danja, kowa ya ba shi zangarniya biyu ko uku. Gidaje da yawa da wannan kaurar suke kaiwa wata kakar.

A maƙabarta, bayan an gama rufe shi, na ji kalma guda tana yawo a bakin mutane. Wannan ya ce, "Baiwa ce Allah ya yi mashi." Wancan ya amsa, "Ai kuwa ya tafi da abinshi." Ni ma na gyaɗa kai, domin abin da ke cikina ke nan.

Tun ranar nake juya wannan kalma. A wajenmu idan an ce mutum gwani ne, an san ya sha wuya kafin ya iya. Idan an ce haziƙi ne ko mai basira, ana nufin kansa na ɗaukar abu da wuri. Gado kuwa a gida ake tarar da shi. Baiwa muna ajiye ta ne ga abin da muka rasa yadda za mu bayyana, kamar mai ɗorin da zai shafa ƙafa sau ɗaya ya san inda ƙashi ya goce, ko mai haƙar rijiyar da zai tsaya a fili ya ce a nan ruwa yake, a haƙa a tarar. Kalma ce mai kyau. Tana mayar da yabo ga Wanda ya bayar, tana kuma hana mai ita girman kai, tunda ba shi ya ba wa kansa ba. Amma na lura tana da wani amfani da ba ma son faɗa. Da zarar mun ce wa abu baiwa, mun sallami kanmu daga koyonsa. Mun huta. Mu dai namu mu zo mu karɓa, mu yi godiya, mu tafi.

Malam ba ya musun kalmar, amma ba ya barin ta ta wuce haka nan. Na sha jin wani ya ce masa, "Malam, kai kam Allah ya yi maka baiwa," sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ya yi mani. Amma fa ba ina kwance a ɗaki ya aiko mani da ita ba. A gona ta same ni."

Na san shi ne sa'ad da aka turo ni yankin a matsayin malamin gona, ina saurayi, da sabon babur da takardar shaida da kuma cikakken yaƙinin cewa duk abin da tsofaffin nan suke yi kuskure ne da na zo gyarawa. Kullum da littafi a hannuna, shi ya sa ya laƙaba mini Mai Littafi, sunan da ya bi ni har na yi furfura. Da na ji labarin kaurarsa, na je na ce ya nuna mini yadda yake zaɓe. Ya miƙo mini kaba ya ce, "Shiga ka ɗaura wa goma da suka yi maka." Ban ɗauki lokaci ba. Akwai wani babban gawo a tsakiyar gonar, dawar da ke gindinsa kawunanta kamar damtsen ƙato. Na ɗaura wa goma, na dawo ina murmushi.

Ya bi su da kallo ya ce, "Madalla. Ka tafi da su, naka ne. Ka shuka a gonar bayan ofishinku." Gonar bayan ofishinmu kuwa jigawa ce, wuta-wuta ta daɗe da mayar da ita gida. Na shuka, na yi noma, na zuba taki. Abin da na girba ko dami ɗaya bai cika ba. Ya bar ni har shekara ta zagayo kafin ya buɗe baki, kuma ko a lokacin ba a gaban mutane ya yi ba. Ya ja ni gindin gawon ya ce, "Mai Littafi, nan shanu ke kwana da rani, nan ganye ke zuba. Wannan dawar ba ita ta yi ƙoƙari ba, wurin ne ya yi mata. Ka je can inda ƙasa ta mutu, inda wuta-wuta ta kewaye, ka nemo wadda ta tsaya duk da haka ta cika kanta. Ita za ka tambaya." Ranar na rufe littafin na bi bayansa.

Haka halinsa yake, ba ya kunyata mutum, amma kuma ba ya rage wa gaskiya gishiri. Idan ya ba ka iri, sharaɗinsa ɗaya ne, ka dawo da kaka ka faɗa masa yadda ta yi. Kuma ba yabo yake nema ba. Wanda ya zo ya ce ta yi kyau, sai ya ce madalla, ya sallame shi. Wanda ya zo ya ce ta kwanta da iska, ko burtuntuna ta ɓata masa kawuna, shi ne zai shimfiɗa wa tabarma, a kawo fura, ya yi ta yi masa tambayoyi har mutumin ya gaji. Ranar rabon iri kuwa, matan da mazansu suka rasu ake fara aika wa, kafin mai unguwa, kafin kowa. Wani Alhaji ya taɓa zuwa da mota ya ce a ba shi duka na shekarar don babbar gonarsa. Malam ya ba shi uku kamar kowa ya ce, "Alhaji, in ka riƙe su da kyau, nan da shekara biyu kai ma za ka ba wasu."

Sama da shekara ashirin ina bin sa gona duk kaka. Na cika littattafai da abin da na ji daga bakinsa. A duba gindin kara ko tsutsa ta huda, a girgiza a ji ko zai jure iska, a ga ko zangarniya ta cika har ƙasa, a tauna ƙwaya. Duk na rubuta. Amma ko sau ɗaya ban ƙara yarda na ɗaura kaba da hannuna ba tun abin da ya faru a gindin gawo. Idan ya miƙo mini, sai in ce, "Malam, wannan ai sai ku masu baiwa." Yakan girgiza kai ya ce, "Tsoro dai, Mai Littafi." Da na bar aiki na koma Funtuwa, zuwan nawa ya ja baya. Shekara ukun ƙarshe ban shiga gona tare da shi ba ko sau ɗaya. Na san idonsa ya yi rauni, na yi ta cewa zan kai shi asibiti a Malumfashi a duba, ban kai shi ba. Wannan yana ci mini rai, kuma gara in faɗa.

Ranar addu'ar bakwai, bayan jama'a sun watse, Lawali ya kira ni zaure. Shi mutum ne mai kirki da son mahaifinsa, amma rayuwarsa a kan hanya ta ƙare, yana jigilar tumatir daga Danja zuwa kudu, gona sai dai ya aiko a yi. Ya yaye wata tabarma, sai ga tarin zangarniya, manya manya, sun sha kyau.

"Jibi 'yan girbi za su shiga," in ji shi, "shi ne muka ce bari mu fidda irin Baba tukuna, kada ya salwanta. Mun zaɓo mafi girma."

Na ce, "Daga ina kuka yanko?"

"Gindin gawo, da kuma bakin surin can."

Mutum yana cikin makoki, ya yi abu don ƙaunar ubansa, kai kuma za ka ce masa ya yi kuskure. Amma idan na yi shiru, jibi za a sare gonar baki ɗaya, a tara, a kai wa inji ya casa, mai juriya da marar juriya su gauraye a buhu guda. Aikin da aka yi shekara arba'in ana tacewa zai koma dawa kamar kowace dawa. Na faɗa masa, na kuma ba shi labarin goma na, don ya san ba shi ya fara ba.

Ya ce, "To, Malam Sani, ai kai ne ka fi kowa bin shi. Gobe ka shiga ka zaɓa mana."

Na kwana a garin. Da safe na ɗauki kaba na shiga. Na wuce gawo, na nufi jigawar da wuta-wuta ta yi wa ja, na tsaya. Duk abin da na rubuta yana kaina, amma kowace dawa na duba sai in ga tana da abin yabo tana da abin zargi. Har rana ta take na ɗaura wa shida, na koma na kwance huɗu. Na fito gumi ya jiƙa mini riga, na ce lalle mutane sun yi gaskiya, an binne abin nan tare da mai shi.

Kafin in nemi Lawali, na shiga cikin gida in gaida Inna Hurera, matar Malam, wadda ke zaman takaba. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, muka gaisa, ta ce, "Mai Littafi, an ce ka je gona. Nawa ka ɗaura?"

Na ce, "Biyu, Inna."

Na ji ta yi wata 'yar dariya, ta farko da aka ji a gidan tun rasuwar. Sannan ta ce, "Matso in gaya maka. Shekara uku ke nan Malam ba ya rarrabe zangarniya da ganye. Tare muke zuwa. Mutane na ganin kamar fura nake kai mashi, ina tsinkar yakuwa. Shekarar farko ni ke dubawa in kai hannunshi, ya shafa ya ce i ko a'a. Ta biyu ya rage shafawa. Bara kuwa a inuwa ya zauna yana jan carbi, ni na gama ɗaurin. Dawar nan da ke tsaye a gona, da wadda kuka yi ta yabo a gonakin mutane bana, zaɓena ne."

Na ce, "Inna, ashe ke ma Allah ya yi maki baiwar."

Ta ce, "Oho, ku kuka san wannan. Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan nake sussukar abin da ya zaɓa, in surfa, in niƙa, in tuƙa. Wadda za ta yi gari da wadda za ta yi dusa, a hannu nake jin su. Sauran kuma ya nuna mani, na kuwa tsaya na gani."

Na tambaye ta me ya sa Malam bai faɗa ba. Ta ce ya faɗa, ita ce ta hana shi nanatawa, don tana gudun maza su ƙi shuka zaɓen mace da zuciya ɗaya. A nan na tuna. Zuwana na ƙarshe, a gaban mutane, wani ya yaba irin, Malam ya ce, "Ku gode wa Hurera." Muka kwashe da dariya, muka ɗauka barkwancin tsoho ne da matarsa. Ni na fi kowa dariya.

Saura matsala ɗaya, tana takaba. Lawali ya ce shi ba zai iya ba, kwana takwas da rasuwa a ga tsohuwarsa a gona, me gari zai ce. Ban ga laifinsa ba. Muka je wajen liman, abokin Malam tun suna yara, muka zayyana masa komai. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce mai takaba tana iya fita da rana idan akwai lalura, ba ado, ba yawo, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ya dubi Lawali ya ƙara da cewa, "In abincin gidaje masu yawa bai zama lalura ba, to ni ban san lalura ba. Duk wanda ya yi magana ka turo mani shi."

Bayan azahar ta fito, da tsohon mayafi, ba kwalli. Ni da Lawali muna biye. Ta wuce gawon ko kallonsa ba ta yi ba. Da ta isa inda ƙasa ta mutu, sai tafiyarta ta canza. Ta kama kara ta girgiza, ta sunkuya ta duba gindi, ta janyo kai ta murza, ta jefa ƙwaya a baki, ta wuce. Ta yi wa na gaba haka, ta ɗaura. Ba ta gaggawa, ba ta kuma tsayawa shawara da kowa. Biyun da na bari da safe, ta kwance ɗaya ta bar ɗaya, kuma ban taɓa jin daɗin cin rabin jarrabawa kamar ranar ba.

Da ta ɗaura kamar ashirin, sai ta juyo ta miƙa wa Lawali kabar. Ta ce, "Ni ma ba zama na zo yi ba. Zaɓa in gani."

Ya ce, "Inna, ni direba ne."

Ta ce, "Ubanka ma ba da kaba a hannu aka haife shi ba. Zaɓa."

Ya nuna ɗaya, ta ce dubi gindinta, tsutsa ta shiga. Ya nuna wata, ta ce kan bai cika ba. Ya nuna wata, ta ce girmanta ya ruɗe ka, ka koma halinka na jiya. Haka suka yi ta yi, har maƙwabtan gona suka bar aikinsu suka matso suna kallo daga nesa. Can ya tsaya gaban wata dawa matsakaiciya, wuta-wuta ta kewaye ta ta ko'ina, amma karanta a miƙe, kanta a cike. Bai nuna ba, ya dai tsaya. Inna Hurera ta zo ta girgiza, ta duba, ta tauna. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce, "Ɗaura."

Lawali bai yi kuka a maƙabarta ba, bai yi ranar uku ba, bai yi ranar bakwai ba. A nan ya yi, yana ɗaurin kaba. Uwarsa ta bar shi ya gama, sannan ta ɗaga murya ta ce wa masu kallon, "Ku kuma da kuka tsaya can, ku matso. Kowa ya karɓi kaba." Suka matso, ni ma na karɓa. Kafin la'asar sakaliya mun haɗa abin da ya yi dami biyu, ta koma ɗakinta da sauran rana. Manyan zangarniyun da ke zaure kuwa ta ce a ajiye su, a yi tuwon sadakar arba'in da su, tunda abin da suka dace da shi ke nan.

Har yanzu ina cewa Malam Iro mai baiwa ne, ba zan fasa ba. Akwai abin da yake gani a tsaye ɗaya wanda mu sai mun zagaya sau uku. Amma na daina cewa ya tafi da abinsa. Mutumin nan ya yi shekaru yana miƙa mana shi, mu ne muka riƙa mayar da hannu baya muna yaba masa. Mutum ɗaya ce ta karɓa, a cikin gidansa, ba mu ko lura ba.

Ga duk wanda ya saba zuwa karɓar iri, ina sanar da shi cewa yana nan a rataye a ɗakin girki, za a raba idan damina ta matso kamar yadda aka saba. Sai dai Inna Hurera ta ƙara sharaɗi a kan na Malam. Duk wanda ya karɓa, zai dawo da kaka ya shiga gona ya koyi ɗauri, ko ya turo ɗansa ko 'yarsa.

Ya Allah, bawanka Iro ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sanya duk loma da aka ci daga abin da ya zaɓa a mizaninsa, ka kai haske ga iyayensa da suka rigaye shi. Ka ba Inna Hurera haƙuri da lafiya, ka fitar da ita takaba cikin aminci. Ka haɗa kan Lawali da ƙannensa, ka tsare shi a kan hanya, ka dawo da shi gona duk kaka. Mu da muka yi sakaci, ka yafe mana, ka kyautata namu ƙarshen. Ka kai mu damina da rai, ka saukar da ruwa mai albarka, ka sa abin da muka ɗaura da hannuwanmu ya tsira. Amin.